Labarin Kakata da Aka Yayyanka

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur, ba yawon buɗe ido ba. Autata ce ta haihu, haihuwar fari, mijinta ya aiko min da takardun jirgi ya ce in je. Na ɗaure kanwa da kimba da masoro da garin kunu, daddawa kuwa sai da na naɗe ta cikin leda uku saboda masu binciken kaya. Na ce wa maƙwabciyata kwana arba'in zan yi, in ƙara mako guda in huta, ta duba min kajina. Mai jego ba ta yi rabin wanka ba aka ce cuta ta shigo, an rufe ƙasa, jirgi ba ya tashi ba ya sauka.

Gidan a unguwar Sri Petaling yake, hawa na goma sha bakwai. Gida ne a bakinsu. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda mutum zai taka ƙasa da tafin ƙafarsa. Ruwan jego da ya kamata ya tafasa a tukunya bisa itace, sai ga ni ina jona buta a bango sau goma kafin in cika bokiti ɗaya. Ganyen darbejiya ma sai da surukina ya roƙo wajen wani Ba'indiye mai kedai a ƙasan benen, wato kantin kayan masarufi, ya kawo min ɗan ƙulli kamar na mai tsarabar magani. Abinci in an saya sai a rataye shi a hannun ƙofa cikin leda, mai kawowa ya buga ya gudu, kamar ana ciyar da mahaukaci. Maƙwabtanmu kuma suna cin wani ɗan itace mai ƙaya, durian, wanda in suka fasa shi sai ka rantse masai ce ta ɓalle a cikin bango. Na tofar da yawu a ƙasar nan har na gaji.

Mu huɗu ne manya, sai jariri. Ni, da autata, da mijinta wanda sana'arsa nema wa ɗalibai ɗaki da tura musu kaya gida, sai jikata, 'yar babban ɗana, da ke karatu a wata kwaleji. Da aka rufe ɗakunan kwanansu ta kwaso akwatinta ta tare a falo. Surukina yaro ne mai kunya, amma ina kunya za ta zauna a gidan da lungu ɗaya ne kowa ke bi? In zai wuce sai ya yi gyaran murya don in kauce, a lokacin da gyaran murya ke sa mutane su watse. Sau nawa matarsa ta fito da ma'aunin zafi a hannu tana cewa, "Tari kake yi?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya ce a hanya."

Jikar nan tawa wuni take gaban laftof. Da farko ban kula ba. Amma sai na riƙa jin muryoyi suna fita daga ciki, maza da mata, kowa ya faɗi kalma ɗaya ya yi shiru. Ta danna, ya sake faɗa. Ta danna, ya sake faɗa.

Na ce, "Ke ja'ira, wane ne wannan yake kiran abu ɗaya tun safe kamar mai tallar da aka ƙi saya?"

Ta ce, "Tsohuwa, asayimen ɗina ne. Zo ki ga, zai burge ki."

Na ja kujera. Ta ce wai harsunan duniya dangi-dangi ne, ita kuma biyu aka ba ta. Ɗaya dangin Turkawa, su da 'yan uwansu da suka bazu har can gabas. Ɗayan na mutanen ƙasashen sanyi, ta kira Finlan, ta kira Hangari, da wasu ƙananan ƙabilu masu kiwon wata dabba mai ƙaho kamar reshen bishiya. To akwai kalmomin da in aka faɗe su a can da nan kusan fita ɗaya suke yi, amma ma'ana kowa da tasa. Ta danna, wani ya ce "kar." Ta ce wannan Baturke ne, ƙanƙarar da ke zubowa daga sama yake nufi. Ta sake dannawa, wani ya ce "kar." Wannan ɗan Hangari ne, hannu yake nufi, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ta danna "kala," ta ce a bakin mutanen Finlan kifi ne, a bakin wasu dangin Turkawa kuma birni. Aikinta ta jera su, ta gano wadda aka ara daga maƙwabta da wadda haɗuwa ce kawai.

Na ce, "Turkawan ne suka kawo ƙara?"

Ta ce, "Ƙarar me?"

"An taɓa samun wanda ya ce hannunsa na ciwo aka kawo masa ƙanƙara?"

Ta yi dariya har da buga cinya. "Kaka, ai ba gari ɗaya ma suke ba."

"To ina ruwanki? Kowa ya gane maganar gidansu, ke kin zauna a hawa na goma sha bakwai kina haɗa su faɗa."

Ta ce ilimi ne. Na ce Allah ya amfana. Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma ba a taɓa yin biki ko suna a unguwarmu aka ce wata ta ba da labari ina zaune ba. Mata sukan bar tuwo ya ƙone saboda ni. Saboda haka in ana zancen magana, ba na sunkuyar wa kowa da kai, ko da gilashi huɗu ne a fuskarsa.

Da a nan abin ya tsaya da ban damu ba. Wata rana da hantsi ina yi wa jariri gashi, sai na ji wata murya cikin muryoyin, na tsaya da hannuna a kan cibiyarsa. Tsohuwa ce irina, wadda haƙoran gaba suka tafi. "Kala," ta ce. Amma kafin ta faɗa sai da ta ja numfashi, kuma ƙarshen kalmar bai sauka ba, sama ya yi. Na san wannan numfashin. Shi mai ba da labari ke ja in ya zo inda yake so yara su matso.

Na ce, "Mayar min da matar nan."

Ta mayar.

"Wannan ba tambayarta aka yi sunan kifi ta faɗa ba. Tana tsakiyar labari ne aka datse ta. Me ya sami kifin? Wa ya kamo shi?"

Jikata ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ita haka ta same su a rumbun da malaminsu ya buɗe musu, kalma-kalma, kowacce da lambarta. An ɗauki muryoyin da daɗewa, mai yiwuwa ma matar ta mutu.

Na tuna teburin mahauci da yamma, ga harshe a nan, ga ƙafa a can, ƙuda na bi, ba wanda zai iya ce maka ga kamannin saniyar. Baiwar Allah ta zauna ta buɗe cikinta, aka zari loma ɗaya daga bakinta aka watsar da sauran, yanzu yara na danna ta suna cin indomi. Na ɗauki jaririna na koma ɗaki. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ba a yi sati biyu ba aka bugo daga gida. Lokacin tsofaffi na ta tafiya, kullum sai an kira sunan wani. Wannan karon 'yar kawuna ce, wadda muka tashi ɗaki ɗaya. Ban ga gawarta ba, ban zauna zaman makoki ba, a waya na yi gaisuwa kamar mai tambayar farashin gero. Bayan kuka ya lafa sai wani abu ya faɗo min a rai. Ni da ita kaɗai muka rage cikin waɗanda suka ji labarin kakarmu daga bakinta.

Kakarmu 'yar fatake ce. Tana ƙarama aka tafi da ita Gwanja sayen goro, a ƙafa, ita da uwarta da ƙanwarta. Sun tafi su uku suka dawo su biyu. Labarin tafiyar nan, zango bayan zango, da kogin da suka haye, da abin da ya sami ƙanwar, da waƙar da uwar ta riƙa yi a hanyar dawowa don kada ayari ya ji kukanta, duk ta ba mu shi tana kaɗi, muna tsince mata auduga. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ba zan sa shi a nan ba, ba wurinsa ba ne. Abin da nake so a gane shi ne, ranar da aka binne 'yar kawuna, labarin ya koma baki ɗaya tak, bakin kuma yana ƙasar da ake cewa cutar tsofaffi take nema.

Na kira jikata. Na ce, "Abin nan naki yana riƙe magana mai tsawo, ko guntu-guntu kawai ya iya?"

Ta ce, "Ko kwana za ki yi kina yi zai ɗauka."

Na ce, "To gobe bayan azahar ki kawo shi. Amma ki ji ni da kyau. Gaba ɗaya nake so. Ki ajiye wa ubanki, da 'ya'yanki, da wannan na cikin zani."

Ta ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Washegari na yi wanka, na ɗaura zanen da na zo da shi don suna, na sa kwalli. Ta ce, "Kaka, murya kawai yake ɗauka fa." Na ce, "Na sani. Ba don shi na yi ba." Yini uku muka yi, daga azahar zuwa la'asar. Autata na shayarwa tana share hawaye da bakin mayafi. Surukina ya ajiye kujera a lungu, bayan bango, inda ba za mu haɗa ido ba, amma ina jin sa yana cewa "Allahu akbar" a inda ya dace. Na ba da labarin nan yadda ban taɓa ba da shi ba. Na yi muryar madugu, na yi ta mai fito a bakin kogi, na yi waƙar da baitocinta duka. Da na kai ƙarshe sai na ji kamar na sauke kayan da na ɗauko tun ina yarinya.

Na ce, "Kin adana?"

Ta ce, "Na adana. Ba abin da zai same shi."

Na yi barci mai daɗi a makon nan. Na ce ko yanzu aka kira ni, na bar abin da aka bar min.

An yi wajen wata biyu. Wata safiya ina kicin ina dama kunun kanwa, ita kuma tana falo ta yi kwalliya daga wuya zuwa sama, ƙasa wandon barci, wai ranar gabatar da aikinta ce a gaban malami da 'yan ajinsu. Fuskokinsu duk a cikin allon laftof, kowa a ɗan akwatinsa kamar tantabaru. Ina ji ta danna, wani namiji ya ce "kara." Ta sake dannawa. Sai na ji "kara."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Muryata ce.

Na leƙo. Malamin, wani mai furfura da kyanwa a cinya, ya faɗi wani abu da Turanci yana murmushi, ita kuma ta sake dannawa. Kara. Kara. Ta ja abin ya yi tsawo, muryata ta koma kamar ta saniya a rami. A allon ga wani zane mai tsini-tsini kamar ƙaya, wai hoton muryata ke nan. Wani yaro a akwatinsa yana tauna abu yana gyaɗa kai.

Ni na san inda aka ciro kalmar nan. Na ambaci kara a wurare da yawa cikin labarin, karan hura wuta, karan danga. Amma wuri ɗaya ne kawai muryata ta karye a kanta. Inda ƙanwar kakata ta cika a zango, ba makara, maza suka shiga gonar mutane suka karyo kara suka ɗaure, aka ɗora yarinya a kai. Wannan ce. Ita suke dannawa.

Ban shiga na kunyata ta gaban baƙi ba, ba tarbiyyata ba ce. Na tsaya a ƙofar kicin har suka gama tafa mata, ta rufe allon tana murna.

"Kaka, kin ji? Ya ce nawa ya fi na kowa!"

Na ce, "Me muryata take yi a bakin Turkawa?"

Ta ce malamin ne ya ba da shawara a kawo wani harshe da ba shi da dangantaka da ko ɗaya cikin biyun, don a nuna kamannin kalma na iya zama haɗuwa kawai. Su Turkawa in sun ce kara baƙin abu suke nufi, mu kuma karan dawa. Da ta rasa inda za ta sami Bahaushe mai bakin asali a cikin kulle, sai ta tuna ga ni.

"Cikin duk karan da na ambata, me ya sa wannan?"

"Shi ya fi fita sarai. A nan kin yi magana a hankali."

Na dube ta. Na ce, "A hankali." Sannan na ce, "To. Kunna min labarin daga farko."

Ta buɗe laftof. Ta danna nan, ta danna can. Na ga wuyanta ya fara gumi. Autata ta fito da jariri a kafaɗa ta tsaya. Can sai ta ce, da ƙaramar murya, wai laftof ɗin ya cika saboda darussan da suke ɗauka, wai a kan na asalin ta yi yankan ba ta sani ba, wai da ta ware kalmomin da take buƙata sai ta share abin da ta ɗauka saura ne, tana zaton akwai wani a waya. Wayar kuma ta riga ta goge tun tuni.

Na ce, "Saura."

"Sori, Kaka. Wallahi ban yi da gangan ba." Sai ta ɗago, ta yi ɗan murmushin nan nasu na yaran zamani. "Amma ai kina nan. Sai mu sake, boleh lah, ai zai yiwu."

Autata ta ce, "Ke! Rufe mana baki!"

Ni ban ɗaga murya ba. Na ce, "Famfo kika mayar da ni? In kin buɗe in zubo, in kin gama wanke ƙafa ki rufe?" Na juya na shiga ɗaki.

Ta yi ƙoƙari, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta buga wa wani mai gyara a Bukit Bintang, ya ce kanti a rufe yake, da aka buɗe kuma ya duba ya ce an riga an rubuta wasu abubuwa a kai. Ta tattaro guntayen da suka rage ta jera su ta kawo min, wai ko zan ji sanyi. Ta kunna. Tulu. Kara. Kala. Baba. Tafi. Muryata ce, amma kamar ta wadda aljanu suka shafa tana surutai a bakin kasuwa. Na ce ta fitar min da ƙazantar nan daga ɗaki.

Na daina yi mata magana. In ta gaishe ni in amsa da ka. In ta kawo abinci in ce na ƙoshi, sai autata ta kawo in ci. Ubanta ya bugo daga gida yana ba da haƙuri, na ce masa ba da shi nake ba. Surukina ya aiko matarsa ta ce min wai shi ma ya riƙe wasu wurare na labarin, in ana so. Na ce a gode masa.

Suna ganin taurin kai ne. Akwai shi, ban musa ba. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da na sauke labarin nan na saki jiki, na daina bin sa a zuciyata kafin barci kamar yadda na saba shekara da shekaru. Sai ga shi wata safiya ina lazimi na nemi sunan zango na uku na rasa. Na bi daga farko, na bi daga ƙarshe, wurin fayau kamar an cire haƙori. Sai da la'asar ya dawo. Ranar na ji tsoron da ban ji ba ko da aka ce an rufe ƙasa. Ga labari na zubewa, ga wadda zan ba wa ta riga ta nuna min abin da take yi da amana. In sake zama gaban na'urar nan kuwa, in sa kwalli, in karya muryata a kan yarinyar da aka ɗora bisa kara, don a sami wadda ta fi fita sarai? Gara in tafi da shi.

Haka muka zauna har zazzaɓi ya kama ni. Ba wani mai tsanani ba, amma da tari. Gidan ya rikice. Aka kai ni wani asibiti, wata yarinya cikin rigar leda tun daga kai har ƙafa ta zura min tsinke a hanci har sai da na ji shi a ƙeyata. Shekaruna duka ba wanda ya taɓa yi min wannan cin mutuncin. Suka ɗaura min wani abin hannu ruwan hoda, irin alamar da ake yi wa akuyar da aka riga aka saya, suka ce in zauna a ɗaki ni kaɗai har sakamako ya fito. Aka raba ni da jariri. Abincina ya koma bakin ƙofa, a buga a matsa.

Yinin farko na kwanta ina kallon silin. Na yi lissafi irin na tsofaffi. In cutar nan ce, to ba za su bari kowa ya matso ba, daga nan sai motar asibiti. Da azahar ta yi na ji motsi a bayan ƙofa. Na san takun jikata.

Na ce, "Ke ce?"

"Ni ce, Kaka."

"Me ke hannunki?"

Sai ta ce, "Waya."

"Kai ta kicin ki saka a cikin tukunya ki rufe. Laftof ɗin ma a kashe."

Ta je ta dawo. Na sauko daga gado na zauna a ƙasa, na jingina da bango. Akwai 'yar tazara tsakanin ƙofar da daɓe.

Na ce, "Zuro yatsunki ta ƙasa. Duka goma."

"Kaka, an ce fa kada a..."

"Ba taɓa ki zan yi ba. Gani nake so in yi."

Yatsu suka leƙo, da jan farce duk ya ɓanɓare. Daga can autata ta ɗaga murya, "In kin tashi ki wanke hannun nan da man nan mai wari, kin ji ko!"

Na ce, "In na ga ɗaya ya ɓace, na yi shiru ke nan har abada. Zan faɗa, ki maimaita. In kin ɓata mu koma."

Na fara. Ba kwalli, ba zanen suna, murya a dishe. Na kai su zangon farko na tsaya na ce ta mayar min. Wayyo Allah. Ban taɓa jin an wulaƙanta magana haka ba. "So sai suka tashi, like da asuba, and then madugun ya ce..."

"Wa ya ce so? Kakata ba ta san so ba. Koma."

Ta koma. Ta sa kogi kafin gari.

"Da jirgin sama suka tafi? Ta ina suka isa kogi ba su kwana a garin maƙera ba? Koma."

"Kaka, bayana ya ƙage. Bari in ɗan rubuta ko kan takarda ne."

"Yatsu."

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta ɗauka ban ji ba. Na ce, "Na ji. Ki ajiye shi, za ki buƙace shi a zango na biyar." Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, amma ba ta janye yatsa ko ɗaya daga kan daɓe ba. Na bar ta ta gama. Sannan na ce, "Daga inda aka ɗaure wa jakuna kaya."

Abin da na bayar a yini uku gaban na'ura, a bakin ƙofar nan yini huɗu ba mu kai rabi ba. Ran na biyar sakamako ya zo, aka ce ba ita ba ce, mura ce ta tsufa. Aka yanke abin hannun, aka buɗe ƙofa, autata ta miƙo min jariri. Jikata ta ce to yanzu sai mu koma falo kan kujera kamar mutane. Na ce a'a. Na lura in tana ganin fuskata, fuskar take kallo, tana jira in taimaka mata da ido. Kullum bayan azahar sai in shiga in rufe, ita ta durƙusa a waje ta zuro hannu. Surukina in zai wuce sai ya tsallake ƙafafunta. Mun fi wata a haka. Da muka zo wurin rasuwar yarinyar ban yi mata da sauƙi ba, sau shida ta maimaita, har sai da na ji ta daina karantowa ta fara faɗa.

Da aka buɗe hanya na dawo gida, ita ta zauna ta ƙarasa karatunta. An ce ta ci jarrabawar da kyau. Ban tambayi ko da muryata a ciki ba, don na san amsar ba za ta yi min daɗi ba.

Labarin yanzu yana bakinta. A karkace yake, ba zan yi ƙarya ba. Muryar madugu in ta yi kamar ɗan sanda, waƙar kuwa har yau ba ta zauna mata ba, tana jan ta kamar waƙar Indiya. In tana bayarwa ba macen da za ta bar ko ruwan zafi ya ƙone. Amma zangunan duka suna nan, a jere, ba wanda ya faɗi.

Duk Juma'a bayan an sauko takan bugo ta mayar min da wani yanki. Makon jiya ta ce min wai jakuna bakwai suka haye kogin. Na kashe wayar, na ci gaba da tsince shinkafata. Ban kai ƙarshen faranti ba ta sake bugowa.

Ko sallama ba ta yi ba ta ce, "Tara. Tara ne, biyu ruwa ya tafi da su."

Na ce, "To ci gaba."